Lambar Zafi a Jikin Tamostat ɗin Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Tamostat bai cika tafin hannu ba, amma shi ke yanke lokacin da ruwan inji zai fita zuwa lagireto ya huce. A jikinsa akwai lamba, kuma yawancin gardamar da ake yi a kansa daga rashin fahimtar lambar nan take tasowa. Ga tambayoyin da masu mota da masu koyon gyara suka fi yi.

Mene ne ma'anar lambar da aka buga a jikin tamostat?

Zafin da bawul ɗinsa ke fara buɗewa ke nan. Ka riƙe kalmar "fara" da kyau. Idan an buga 82, to a digiri 82 ne bawul ke soma ɗagawa, da ɗan tsagin da da ƙyar takarda za ta shige. Ba ya wangamewa gaba ɗaya sai zafin ruwa ya haura lambar da kamar digiri 10 zuwa 15.

A cikinsa akwai wani ɗan kofin jan ƙarfe cike da kaki na musamman. Idan ruwa ya yi zafi kakin ya narke, sai ya kumbura ya tura wata 'yar sanda, sandar ta danne sifirin, bawul ya buɗe. Ruwa ya huce, kaki ya daskare ya tsuke, sifirin ya mayar da bawul mazauninsa. Haɗin kakin nan shi ke ba da lambar tun daga masana'anta, saboda haka babu wani noti da za ka juya ka mayar da mai 88 ya koma 82. Sergius Vernet ne ya ƙirƙiro irin wannan mai kaki a shekarun 1930. Kafin ya yaɗu ana amfani da wani mai kama da ɗan zugazugi, wanda matsin ruwa ke rikita masa lissafi, shi ya sa aka bar shi da aka koma lagireto mai murfin matsi.

Aikin tamostat shi ne hana inji yin sanyi fiye da kima. Iyakar ƙasa yake tsarewa. Iyakar sama kuwa tana hannun lagireto da fanka da famfon ruwa da murfin lagireto. Duk amsoshin da ke tafe a kan wannan suka doru.

A ina zan ga lambar?

Duba gindin kofin jan ƙarfen, wato ɓangaren da ke tsakiyar sifirin. Idan babu a nan, duba faffaɗan bakin da gasket ke zama a kai. A tsohon tamostat datti da tsatsa kan rufe rubutun, sai ka goge da ɗan buroshi ka haska da tocila ta gefe, lambar za ta fito. Wanda ya zo haɗe da gidansa na roba ko na alminiyam, a jikin gidan ake rubutawa.

Ka yi hankali kada ka ɗauki wata lambar daban. Akwai lambar kaya, akwai ranar ƙira, wani lokaci har da faɗin bakin a milimita, kamar 52 ko 54 ko 56. Wasu masu ƙera kayan gyara kan liƙa zafin a wutsiyar lambar kaya, ka ga ta ƙare da 82 ko 88.

Na ga 180 a jikin nawa. Ai ruwa a 100 yake tafasa, yaya haka?

Wannan ma'aunin Faranhait ne, wanda kayan da aka yi don kasuwar Amurka suka fi zuwa da shi. Don ka mayar da shi Salsiyos, cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9. Waɗanda aka fi gani:

160°F daidai yake da 71°C
170°F daidai yake da 77°C
180°F daidai yake da 82°C
192°F daidai yake da 89°C
195°F daidai yake da kusan 91°C

Duk lambar da ta wuce 150 Faranhait ce, ko da ba a sa harafi a gefenta ba.

Nawa kuma lambobi biyu ne, 87 da 102.

Ta farko ita ce ta fara buɗewa, ta biyu ta gama buɗewa. An fi ganin haka a kayan motocin Turai.

Yaya zan san lambar da ta dace da injina?

Littafin gyara na kamfanin da ya ƙera motar shi ne alƙali. Idan ba ka da shi, ka nemi kayan da lambar shasi da lambar inji, don sunan mota kaɗai bai isa ba: mota ɗaya kan zo da injuna biyu ko uku, kuma inji ɗaya kan canja lamba daga shekara zuwa shekara.

Kada ka ɗauki tsohon da ka ciro a matsayin hujja, musamman a motar da ta biyo ta hannaye da yawa. Wataƙila wani ya taɓa sa abin da ya samu a kusa.

Don ka ga yadda kamfanoni suka bambanta: injunan Toyota da dama na amfani da mai 82, littafinsu ya ce ya fara buɗewa tsakanin 80 da 84, ya kuma ɗaga milimita 8 zuwa 10, gwargwadon injin, idan ruwa ya kai 95. Injunan Honda da yawa mai 78 suke ɗauka, ya fara tsakanin 76 da 80, ya gama buɗewa a 90. Volkswagen ta daɗe tana amfani da mai 87. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowa ya auna faɗin lagiretonsa, da wurin da ya dasa tamostat, da yadda kwamfutar motarsa ke raba mai.

Yaya ake gwada shi a ruwan zafi?

Wannan ne gwajin da ya fi ba da amsa kai tsaye, amma mutane da yawa rabinsa suke yi. Su jefa tamostat a tafasasshen ruwa, su ga ya buɗe, su ce lafiyarsa ƙalau. Abin da suka tabbatar kawai shi ne yana buɗewa a digiri 100. Mai 82 da ya lalace ya koma buɗewa a 96 ma zai ci wannan jarrabawar.

Kafin ka kunna wuta, ɗaga shi ka duba ta hasken rana ko fitila. A sanyi ya kamata bawul ya zauna ram, babu hasken da ke ratsawa ta gefensa. Idan ka ga tsagi, ko robar bakinsa ta zaizaye, ba sai ka wahalar da kanka ba, ya gama aiki.

Idan ya rufe daidai, nemi tsohon gwangwani ko tukunyar da ba a girki da ita, domin ruwan sanyaya inji guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi mai jan yara da dabbobi. Ka samu ma'aunin zafi da ke wuce digiri 100. Danna bawul ɗin da yatsa ya ɗan buɗe, ka zura siririn zare a tsagin, ka saki ya cije zaren. Da zaren nan za ka rataye shi a tsakiyar ruwa, ya nutse duka, kada ya taɓa gindin tukunya ko gefenta, don ƙarfen da ke kan wuta ya fi ruwan zafi nesa ba kusa ba. Shi ma ma'aunin kada ya taɓa gindi. Ka ajiye bakinsa kusa da kofin kakin.

Sai ka hura wuta a hankali kana motsa ruwan. Gaggawa ce ke ɓata gwajin nan: kaki na ɗaukar lokaci kafin zafi ya ratsa shi, idan ruwa na hawa da gudu za ka karanta lambar da ta fi ta gaskiya. Daga kamar digiri 10 kafin lambar, rage wuta sosai. Lokacin da tamostat ya saki zaren ya sulale, dubi ma'auni, wannan shi ne zafin fara buɗewarsa.

Ba a gama ba. Ɗaga shi da waya, ka ci gaba da ɗumama ruwa zuwa zafin gama buɗewa, ka fito da shi da filaya ka auna tsawon ɗagawar bawul da sauri kafin ya huce. Wanda ya fara a kan lokaci amma ya tsaya a milimita 3 ko 4 alhali littafi ya ce 8, shi ne mugun. A cikin gari mota za ta yi lafiya lau, sai an hau doguwar hanya ko tudu da kaya ta fara ɗaukar zafi, a yi ta zargin lagireto. Daga ƙarshe bar shi ya huce ka ga ko ya koma ya rufe ruf.

Abu ɗaya kuma: a wuri mai tudu ruwa ba ya kai 100 kafin ya tafasa. Kowace mita 300 sama da teku na rage kusan digiri ɗaya. A tsayin mita 1,500 ruwa na tafasa a wajen 95, saboda haka mai lamba 91 ba zai gama buɗewa a tukunya ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kuskuren digiri nawa ake yafewa?

Kamar digiri 2 sama ko ƙasa, shi ya sa littafi ke rubuta 80 zuwa 84 don mai 82. Ka ƙara wa ma'auninka ɗan uzuri shi ma. Amma tazarar digiri 5 ko fiye, a canja.

Zan iya duba shi ba tare da na kwance komai ba?

Za ka iya, kuma da nan ya kamata a fara. Bar motar ta kwana, ka tayar da inji da safe yana sanyi. Idan tamostat ɗin na wurin fitar ruwa, wato inda mesar sama ta haɗu da kan inji, mesar nan za ta zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan ta ɗau zafi farat ɗaya lokacin da ya buɗe. Idan kuwa tun minti biyu ko uku ta fara ɗumi a hankali tana tafiya tare da inji, ya maƙale a buɗe, ko kuma babu shi ma sam. Idan allurar gejin zafi ta wuce tsakiya mesa na nan da sanyi, kashe inji, ya maƙale a rufe.

A injuna da yawa na zamani tamostat na wurin shigar ruwa, a ƙarshen mesar ƙasa. A nan mesar ƙasa za ka sa wa ido, ita ce ke zama da sanyi har ya buɗe. Ka kula da fanka da bel, fankar lantarki kan tashi ba sanarwa.

Na'urar auna zafi daga nesa, mai ɗan jan haske, tana taimakawa, sai dai tana ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi. Manna ɗan baƙin tef a gidan tamostat ka auna a kansa. Kuma bayan mesa kullum bai kai ruwan cikinta zafi ba.

Mafi kyau shi ne sikana, wato na'urar karanta bayanan kwamfutar mota, da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Za ka ga zafin yana hawa daki-daki, ya kai kusa da lambar, ya ɗan tsaya ko ya ɗan sauko saboda ruwan sanyi da ya shigo daga lagireto, sannan ya daidaita. Wurin da ya ɗan sauko ɗin nan ne tamostat ya buɗe.

Allurar gejina kullum a tsakiya take. Ba shi ke nan ba?

A'a. Motoci da yawa an tsara gejinsu ya kafe a tsakiya muddin zafi na cikin wani faffaɗan zango, don kada direba ya riƙa firgita da kowane ɗan motsi. Inji na iya zama a 78 ko a 103 allura ba ta gusa ba. Geji na faɗakarwa ne, ba a tantance tamostat da shi.

Tamostat ɗina mai 82 ne amma sikana na nuna 94 a cunkoso. Ya lalace ne?

Ba lallai ba. Mota na tsaye, iska ba ta ratsa lagireto, zafi zai hau har ya kai inda kwamfuta ke kunna fanka, kuma wannan a sama yake da lambar tamostat, a wasu motocin ma ya kan haura 100. Fanka ta tashi, zafi ya sauko, ta tsaya. Haka aka tsara. Ga kuma bambancin wuri: idan tamostat na wurin shigar ruwa, ita kuma na'urar jin zafi na kan inji inda ruwa ke fita, dole abin da ka karanta ya ɗara lambar.

Kada 100 ta ba ka tsoro. Ruwan sanyaya inji da aka haɗa rabi da rabi, a ƙarƙashin murfi mai matsi 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi na "bar", ba ya tafasa sai wajen digiri 125 zuwa 130. Wannan ne kuma dalilin da ba a buɗe murfin lagireto da zafi: matsi na sauka, ruwan zai tafasa nan take ya watso maka a fuska.

Motata na ɗaukar zafi. In sa mai ƙaramar lamba, kamar 71?

Ba zai magance ba. Idan injinka na kai 110, to tamostat mai lafiya, ko mai 71 ne ko mai 88, ya daɗe da wangamewa. A wannan zafin dukansu ƙofa ce buɗaɗɗiya, faɗinsu ɗaya. Abin da mai 71 zai yi kawai shi ne ya jinkirta tafasar da 'yan mintuna. Ciwon na wani wuri: lagireto ya toshe ta ciki ko ƙura ta cike haƙarƙarinsa ta waje, fanka ba ta tashi, fukafukan famfon ruwa sun cinye, murfi ba ya riƙe matsi, iska ta shiga layin ruwa, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Masu motocin tsere na sa mai ƙaramar lamba, gaskiya ne, amma su sun canja lagireto sun kuma sake saita kwamfuta don ya dace. Motar zuwa aiki ba ta cikin wannan lissafin.

To in cire shi gaba ɗaya fa? Ana cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi.

Wannan magana ta yaɗu a duk inda ake zafi, kuma ana ganin kamar ta yi daidai, domin idan aka cire tamostat da ya maƙale a rufe, mota kan daina tafasa. Amma abin da ya warkar da ita cire lalatacce ne, sabo ma da ya yi wannan aikin.

Ko a ranar da iska ta kai digiri 40, inji na son ruwansa a wajen 85 zuwa 100. Tazarar na da yawa. Ba tamostat, da safe ko a gangara ko a buɗaɗɗiyar hanya da dare, inji zai yi ta tafiya a 60 ko ƙasa. Kwamfuta na ganin haka za ta ɗauka bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara mai. Man da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji. Tururin ruwan da ƙonewa ke haifarwa ba ya samun zafin da zai kore shi, sai ya cakuɗa da baƙin mai ya zama dagwalo. Fistin da silinda an auna tazararsu ne a kan zafin aiki, a sanyi sun fi cin juna. Ba a ganin ɓarnar a mako guda, shi ya sa ba a ɗora wa cire tamostat laifi idan inji ya fara shan baƙin mai bayan shekaru.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tamostat da yawa na da faifai na biyu a gindinsu. Inji na sanyi, ruwa na zagayawa ta wata 'yar ɓarauniyar hanya daga inji ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Bawul na buɗewa, faifan nan ke sauka ya toshe ɓarauniyar hanyar, ya tilasta wa ruwa bin lagireto. Ka cire tamostat, hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa yanke ta nan. Sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don ta huce ta ƙara zafi a hawan tudu. Garin neman gira an rasa ido. Irin haka na faruwa idan aka sa mai lamba daidai amma marar faifai a injin da ke buƙatarsa, don haka ka jera sabo da tsoho ka kwatanta siffarsu.

Za ka ji wasu na cewa dalilin shi ne ruwa na gudu da sauri har ba ya samun damar hucewa a lagireto. Wannan bayanin bai tsaya da ƙafarsa ba: ruwan da ya wuce da sauri zai dawo da sauri, kuma ƙarin gudu ba ya rage zafin da lagireto ke fitarwa. Ɓarauniyar hanyar nan, da raguwar matsi a cikin inji, su suka fi bayyana abin.

Mai lamba sama da ta kamfani fa?

Wasu na sawa a ƙasashen ƙanƙara don hita ta ƙara ɗumi. Yana rage tazarar da ke tsakanin buɗewarsa da tashin fanka. Bar shi a lambar kamfani.

Nawa yana da soket na waya, an rubuta 105. Yaya ake gwada wannan?

Irin wannan kaki ne a cikinsa shi ma, amma an dasa ɗan hita na lantarki a cikin kakin. BMW na cikin waɗanda suka fara amfani da shi a shekarun 1990, yanzu kamfanoni da dama sun bi. A tafiya mai sauƙi ana barin inji ya yi zafi sosai don ya rage shan mai. Ka taka totur ko ka hau tudu, kwamfuta ta ba hitar wuta, kaki ya narke da wuri, tamostat ya buɗe tun ruwa bai kai 105 ba.

A tukunyar ruwa zalla ba za ka ga buɗewarsa ba, tunda ruwan zai tafasa kafin a kai lambar, kada ka yar da mai lafiya saboda haka. Ana auna hitar da mita a kwatanta da littafi, a kuma bi zafin da sikana. Lambobin matsala da sikana ke nunawa, P0597, P0598 da P0599, duk a kan layin hitar nan suke magana. Wasu sababbin injuna ma, kamar wasu na Volkswagen, sun bar kaki sun koma bawul mai juyawa da ƙaramin moto, waɗannan sikana ce kaɗai hanyar duba su.

Sikana ta nuna P0128. Tamostat ne?

Ma'anarta ruwa bai kai zafin da ake tsammani ba a cikin lokacin da kwamfuta ta ƙiyasta. Galibi tamostat ne da ya saki yana buɗewa da wuri, ko wanda aka sa mai ƙaramar lamba, ko wanda aka cire. Kafin ka saya, duba yawan ruwa, ka duba ko an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa. Sannan da safe kafin a tayar da inji, kwatanta abin da na'urar jin zafin ruwa ke nunawa da zafin iskar waje. Idan sun yi nisa da juna, na'urar ce ke ƙarya.

Inji ya tafasa sau ɗaya saboda mesa ta fashe. Sai na canja tamostat?

Ya fi. Zafi mai tsanani na iya sa kaki ya tsiyaye ko sandar ta wuce iyakarta, daga nan lambar da ke jikinsa ta zama tarihi. Akwai ma irin da aka ƙera da ɗan ƙugiya mai kama bawul a buɗe idan zafi ya wuce kima, kuma in ya kama ba ya komawa.

Sabo ma sai an gwada?

Idan ka riga ka ɗora ruwa, rataya su biyun tare, tsoho da sabo. Minti goma ne, kuma na jabu na yawo da lamba mai kyau a jiki. Wurin sawa, sifirin da kofin kaki su fuskanci cikin inji. Idan akwai ɗan ƙaramin rami mai ƙusa mai lilo a bakin, na fitar da iska ne, a sama yake zama idan tamostat a tsaye ake sa shi. Sa sabon gasket, cika ruwa, fitar da iska daga layin, domin kofin kaki da ke zaune a cikin kumfar iska ba ya jin zafin ruwa kuma ba zai buɗe a kan lambarsa ba. Washegari da safe ka sake duba yawan ruwan kafin ka tayar da inji.